Ɗaukar darussan jami'a a bidiyo a Yamai

Ɗaukar darasi a bidiyo hanya ce ta adana karatun da malamin jami'a ya bayar, domin ɗalibi ya kalla ko ya saurara a lokacin da ya ga dama. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauka a cikin zauren lacca, malami na tsaye gaban allo. Akwai kuma wanda malami yake shiryawa shi kaɗai a ofis ko a gida, yana nuna rubutu da zane a fuskar kwamfuta, muryarsa na bin su da bayani. A Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take a Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, an fi jin amfanin abin a azuzuwan shekarar farko, inda ɗalibai kan cika zaure har na baya ba ya jin malami sosai.

Tarihi

Koyarwa ta allon talabijin ta girmi jami'ar kanta a Nijar. A wajajen 1964 aka fara shirin talabijin na makarantu da taimakon Faransa. Ana shirya darussa a ɗakin ɗauka a Yamai, a watsa su zuwa wasu azuzuwan firamare kimanin ashirin da ke kewayen birnin. Masu kula da ajin ba cikakkun malamai ba ne. Matasa ne da aka ba horo na ɗan lokaci, aikinsu su kunna akwatin, su bi darasin tare da yara, sannan su maimaita shi bayan an kashe. Da Faransanci ake koyarwa, kuma an ba magana da wasa muhimmanci kafin rubutu. Da yake yawancin ƙauyukan ba su da lantarki, an yi amfani da batura, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna akwatunan da hasken rana, abin da ake lissafawa cikin gwaje-gwaje na farko irinsa a Afirka. Ya dace a tuna cewa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992, masanin makamashin rana ne. Shirin talabijin ɗin ya tsaya a wajajen ƙarshen shekarun 1970, lokacin da talabijin ta ƙasa ta kafu.

An kafa cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Darasin bidiyo ya shigo mata daga waje: Jami'ar Afirka ta Intanet, wadda Bankin Duniya ya ƙaddamar a 1997, ta riƙa aiko da laccoci ta tauraron ɗan'adam, daga baya kuma ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, ta buɗe cibiyar kwamfuta a Yamai don karatu daga nesa. Annobar korona ce ta tura malamai da yawa suka fara ɗaukar nasu da hannunsu, bayan an rufe makarantu a watan Maris na 2020.

Yadda ake yi

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ko wayar hannu, makirfo, da manhaja. PowerPoint na iya ɗaukar murya a kan kowane shafi, a cikin manhajojin ɗaukar bidiyo kuma OBS Studio kyauta ne, Camtasia kuwa sai an saya. Masu wannan aiki sun fi damuwa da sauti a kan hoto, domin ɗalibi zai jure hoto mai duhu, amma ba zai jure murya mai gurnani ba. Shi ya sa malami kan kashe fanka, ya rufe taga saboda ƙarar babura, ya yi ta zufa a watan Afrilu har ya gama minti goma.

Gajarta ma tana da dalili. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna cewa hankalin masu kallo kan ragu ƙwarai bayan minti 6. Saboda haka ake yanka lacca guda gida-gida.

Rarrabawa

Nan ne tsadar intanet take yanke hukunci. Awa ɗaya ta murya a MP3 mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 30 ba, bidiyo kuwa kan kai ɗaruruwa. Don haka, ko da akwai YouTube da Moodle, manhajar da makarantu ke ɗora darussa a kanta, darasi ya fi yawo a rukunin WhatsApp na aji, ko daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ɗaukewar wuta na ƙara wahalar, musamman a 2023 da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar.

Saɓani

Wasu malamai na ganin ɗaukar lacca na sa ɗalibai ƙin zuwa aji, wasu na ganin masu ƙwazo ne suka fi maimaita ta. Ana kuma jayayya kan ko malami ne ke da mallakar bidiyon ko jami'a, da kan ɗalibin da ke ɗauka ba tare da izini ba.