Mene ne zanen ruɗin ido?

Duk mai babbar waya a ƙauyukan Ringim ko Gumel ya taɓa cin karo da hoton nan da ake turawa a WhatsApp: da'irori masu launi kamar macizai sun naɗe, ka zuba musu ido sai ka ga suna juyawa, alhali hoto ne tsayayye, ba bidiyo ba. A teburin mai shayi har musu ake yi, wasu na cewa siddabaru ne. Wani malamin jami'a ɗan Japan, Akiyoshi Kitaoka, ya zana shi a 2003, amma fannin ya girmi hoton nesa ba kusa ba.

Turawa suna kiran wannan fanni na zanen ruɗin ido Op Art, sunan da mujallar Time ta Amurka ta yayata a 1964. Zane ne da ba a buƙatar mutum ko bishiya ko gida a cikinsa. Layuka ne da murabba'ai da da'irori, a jera su bisa lissafi da gangan domin ido ya ga motsi, ko zurfi, ko kumburi a inda babu.

Kafin a zo nan sai da masu zane a Turai suka fara yin watsi da siffar abin da ake gani. A 1915 Kazimir Malevich a Rasha ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fage ya ce zane ke nan. Piet Mondrian na Holan ya bi da baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da rawaya. Su dai ba ruɗa ido suka nufa ba. Wanda ake ɗauka uban fannin shi ne Victor Vasarely, haifaffen Hungari mazaunin Faransa, wanda a 1937 ya fitar da jakunan dawa biyu da ratsin baƙi da fari kawai, ba tare da ya zagaye jikinsu da layi ba.

Aikin da ya fi nuna dabarar a fili, a ganina, na Bridget Riley ne 'yar Ingila, na 1961. Murabba'ai ne baƙi da fari a jere, ɗaya bayan ɗaya. Daga gefe suna da faɗi, suna tafiya suna tsukewa har su zama sirara, sannan su sake buɗewa. Tsawonsu bai canja ba, faɗin kawai aka taɓa. Amma mai kallo zai rantse allon ya lotsa ciki, don ƙwaƙwalwa ta saba duk abin da ya tsuke to nisa ya yi ko ya lanƙwashe. Ga shi kuma ido ba ya tsayawa cak. Ko ka ƙura shi yana ɗan rawa, baƙi da farin da ke maƙwabtaka sai su yi ta walƙiya. A 1965 aka yi babban baje koli a New York, fannin ya shahara, masu tufafi suka kwashe zanen suka buga a riguna, abin da ya ɓata wa Riley rai ƙwarai.

Ana iya gwadawa a tsakar gida. Ɗora rariyar tankaɗe a kan wata, ka ɗaga su saitin haske kana ɗan juya ɗaya: wasu manyan igiyoyi za su bayyana suna gudu, alhali babu su a jikin ko wacce. Gidan sauro idan ya ninku ma haka yake yi.

Akwai masu cewa ai mu ma muna da shi tun kaka da kakanni, suna nuna faifai da tabarmar kaba da ɗinkin hula da dagin da ke bangon soro. Rabin gaskiya ne. Lissafin jeri da maimaita siffa duk akwai, kuma mai saƙa faifai ta iya sarrafa launi ba tare da ta riƙe ma'auni ba. Sai dai ita burinta ado ya zauna daidai, ido ya huta a kansa. Riley kuwa ta auna kowane layi ne don ta hana idon sakat, shi ya sa wasu masu kallon irin aikinta kan koka da jiri.