Tasirin Baƙi a Zaɓen Ƙananan Hukumomi da Siyasar Jam'iyyu

Tasirin baƙi a siyasar gari shi ne rawar da mutanen da suka baro ƙasarsu suka zauna a wata, su da 'ya'yansu, ke takawa wajen fitar da kansila ko magajin gari, da kuma yadda jam'iyyu ke sauya 'yan takara da manufofi don neman ƙuri'unsu. An fi ganin abin a ƙaramin zaɓe fiye da na ƙasa baki ɗaya. Dalili kuwa baƙi ba su cika warwatsuwa ba. Sukan tare a unguwar da ɗan'uwa ya riga su sauka, inda haya ke da sauƙi, aiki kuma yake kusa. Al'ummar da ba a ko lissafa ta a zaɓen shugaban ƙasa tana iya zama mai rinjaye a mazaɓar kansila, inda 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama.

Wa doka ta ba ƙuri'a

A yawancin ƙasashe sai baƙo ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa kafin ya yi zaɓe. Wasu kuwa sun raba zaɓen gari da na ƙasa, bisa hujjar cewa wanda ke biyan haraji, 'ya'yansa na makarantar unguwa, ya cancanci a ji ta bakinsa. Ayilan ta buɗe wannan ƙofa tun 1963. Suwidin ta biyo baya a 1975 ga wanda ya shekara uku a ƙasar, sai Denmak a 1981, sai Holan a 1985 da sharaɗin shekara biyar. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta ba duk ɗan ƙasar Tarayyar Turai damar yin zaɓe da tsayawa takara a garin da yake zaune cikin tarayyar. A Birtaniya, 'yan Ayilan da 'yan ƙasashen Kwamanwel masu izinin zama suna kaɗa ƙuri'a har a zaɓen majalisar dokoki. Koriya ta Kudu ta fara barin masu zaman dindindin su yi zaɓen gari a 2006.

Jamus ta ƙi. A 1990 kotun tsarin mulkinta ta soke dokokin Hamburg da Schleswig-Holstein da suka ba baƙi ƙuri'a, don haka Baturken da ya shekara talatin a Balin ba tare da fasfon Jamus ba ba ya zaɓen gari, alhali Bafaranshen da ya zo bara yana yi. A Amurka dokar tarayya ta 1996 ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba zaɓen tarayya, amma garin Takoma Park na jihar Maryland yana barin su zaɓen gari tun 1992. Birnin Niyok ya yi irin wannan doka a 2021, babbar kotun jihar ta rushe ta a 2025.

Samun dama daban, amfani da ita daban. A Suwidin kusan kashi 60 cikin 100 na baƙin da suka cancanta sun fito a 1976, amma a shekarun 2000 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 40. Rashin jin harshe, da wahalar rajista, da zuciyar da ke can kan siyasar gida, duk suna rage fitowa.

Yadda jam'iyyu ke neman ƙuri'ar

Tsohon misali shi ne Tammany Hall, ƙungiyar da ta riƙe akalar jam'iyyar Dimokurat a Niyok a ƙarni na 19. Mutanenta na unguwa kan tari baƙo ɗan Ayilan, su nema masa aiki, su kai masa gawayin ɗumama ɗaki lokacin sanyi, su yi belin ɗansa idan an kama shi, su kuma gaggauta masa takardar zama ɗan ƙasa. Ranar zaɓe sai ya rama biki. Cin hanci ya yi wa tsarin katutu, har aka ɗaure jagoransa William Tweed a 1873, amma ta nan 'yan Ayilan suka kutsa gwamnatin birni. A 1880 aka zaɓi William Grace, haifaffen Ayilan, magajin garin Niyok.

Salon bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Har yau jam'iyya kan bi ta hannun masu faɗa-a-ji, wato shugaban ƙungiyar 'yan gari ɗaya, ko limami, ko fasto, ko babban ɗan kasuwa, maimakon ta bi gida-gida. Wannan ya fi mata arha, amma yakan toshe bakin mata da matasa, ya kuma sa a ɗauki al'umma mai ra'ayoyi iri-iri tamkar mutum guda.

Tsarin zaɓe yana da babban tasiri a nan. A Beljiyam da Holan da Denmak jam'iyya na fitar da jerin sunaye, mai zaɓe kuma yana da ikon zaɓar mutum guda daga ciki. Sau da yawa akan ajiye ɗan takara Baturke ko Bamaroke can ƙasan jeri don ya jawo ƙuri'u kawai, sai mutanensa su tara masa ƙuri'a har ya tsallake na gabansa ya sami kujera. Inda kowace mazaɓa ke da kujerarta, kamar Birtaniya da Amurka, kokawar tana wurin fidda gwani: wanda ya iya sa mutanensa su yanki katin jam'iyya da yawa shi ke ɗaukar tikiti. A mazaɓar da jam'iyya ɗaya ke ci kullum, tikitin shi ne kujerar.

Wani lokaci abin kan kai ga kotu. Lutfur Rahman, haifaffen Bangaladash, ya zama magajin Tower Hamlets a gabashin Landan a 2010. Kotun zaɓe ta tsige shi a 2015 bisa saɓa dokokin zaɓe, ta hana shi takara shekara biyar. A 2022 ya dawo ya ci da sabuwar jam'iyyarsa, Aspire.

'Yan takara

Kujerar kansila ce yawanci matakin farko. Rotimi Adebari, wanda ya je Ayilan daga Najeriya neman mafaka, ya zama kansila a 2004, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007. Abdi Warsame ya ci kujerar majalisar birnin Minneapolis na Amurka a 2013 da goyon bayan Somaliyawa. Manyan birane kuwa ba sa ciwuwa da ƙuri'ar dangi kaɗai. Anne Hidalgo, haifaffiyar Sifen, a Paris a 2014, da Sadiq Khan, ɗan baƙi 'yan Pakistan, a Landan a 2016, da Olivia Chow, haifaffiyar Hong Kong, a Toronto a 2023, da Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, a Niyok a 2025, duk sun ci kujerar magajin gari ne da maganar tsadar gida da sufuri da rayuwa, abin da ya shafi kowa.

Ƙuri'ar baƙi ba ta kowa ba ce har abada

An saba ɗauka cewa baƙi na jam'iyyun masu sassaucin ra'ayi da na ma'aikata ne, kuma a wurare da yawa haka ne, domin su suka fara buɗe musu ƙofa. Sai dai 'yan Kiyuba na Miami sun daɗe tare da Rifablikan saboda ƙiyayyarsu da gwamnatin Castro. A Holan 'yan majalisa biyu 'yan asalin Turkiyya, Tunahan Kuzu da Selçuk Öztürk, sun rabu da jam'iyyar ma'aikata a 2014, suka kafa jam'iyyar DENK, wadda ta ci kujera uku a majalisar ƙasa a 2017. A Mayun 2024 jam'iyyar Leba ta rasa rinjaye a majalisar garin Oldham na Ingila, inda masu zaɓe Musulmi da dama suka juya mata baya kan yaƙin Gaza.

Garin Hamtramck na jihar Michigan a Amurka ya nuna sauyin a fili. Baƙi 'yan Folan ne suka riƙe shi kusan ƙarni guda. A 2021 aka zaɓi Amer Ghalib, haifaffen Yaman, magajin gari, majalisar garin kuma ta zama duk Musulmi. A 2023 majalisar ta hana kafa tutar 'yan auren jinsi a kadarorin gwamnatin gari, abin da ya ɓata tsakaninta da masu sassaucin ra'ayin da suka mara mata baya a da. A 2024 Ghalib, wanda a lokacin ɗan Dimokurat ne, ya goyi bayan Donald Trump.

Yawaitar baƙi kan haifar da jam'iyyun da ke adawa da shigowarsu, kuma su ma a zaɓen gari sukan fara gwada ƙarfi. A 2002 jam'iyyar Leefbaar Rotterdam ta Pim Fortuyn ta zo ta ɗaya a zaɓen birnin Rotterdam na Holan da wannan manufa. A 2009 Ahmed Aboutaleb, wanda ya zo daga Maroko yana ɗan shekara 15, ya zama magajin birnin. A Holan ba a zaɓen magajin gari kai tsaye, naɗa shi ake yi bisa shawarar majalisar birni, kuma Aboutaleb ya riƙe muƙamin har 2024.