Makamashin Zafin Cikin Ƙasa

Makamashin zafin cikin ƙasa shi ne zafin da ke ajiye a duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ake samar da wutar lantarki da shi, a ɗumama gidaje, a kuma sanyaya su. Wani ɓangarensa yana nan tun samuwar duniya, saura kuma ma'adanai irin su yuraniyum ne ke sakinsa sannu a hankali. A galibin wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyos. Fifikonsa a kan hasken rana da iska shi ne ba ya yankewa: dare da rana, rani da damina, yana nan.

Wutar lantarki

Ana haƙa rijiya mai zurfin kilomita ɗaya zuwa uku har a cimma tururi ko tafasasshen ruwa. Tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta, sannan a mayar da ruwan ƙasa ta wata rijiyar. A Larderello ta ƙasar Italiya aka fara, inda Piero Ginori Conti ya kunna ƙwayayen fitila da tururin ƙasa a 1904, aka buɗe tasha a 1913. A Afirka, Kenya ta buɗe tashar Olkaria kusa da Naivasha a 1981, kuma a yau wajen kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga zafin cikin ƙasa yake fitowa. A Aislan kuwa, kusan gida tara cikin goma da ruwan zafin ƙasa ake ɗumama su.

Haƙar tana cin kuɗi ƙwarai, kuma ana iya haƙawa a tarar babu abin kirki. Tura ruwa da ƙarfi cikin dutse ya taɓa jawo girgizar ƙasa a Basel ta Suwizalan a 2006, da Pohang ta Koriya ta Kudu a 2017.

A Najeriya

Har yanzu babu tashar irin wannan wuta a Najeriya, amma akwai alamun zafin. Ruwan Wikki a Yankari, jihar Bauchi, yana tsaye a digiri 31 duk shekara. Akwai kuma Ikogosi a Ekiti, da Akiri a Nasarawa, da Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa.

Rabon Zariya

Zariya tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo sarari a Kufena. Irin wannan ƙasa ba ta cika ba da tururi kusa ba, don haka tashar wuta irin ta Olkaria ba ita ce abin sa rai a nan ba. Rabon garin yana can sama-sama, a 'yan mitoci kaɗan ƙarƙashin tsakar gida.

Duk wanda ya taɓa jan guga da asuba cikin hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, da bazara kuma ya fito da sanyi. Ba ruwan ne ya sauya ba, iskar waje ce. A wannan zurfi zafin ƙasa ba ya nisa da matsakaicin zafin shekara, wato wajen digiri 25, ko da a watan Afrilu da rana ke neman kai 40. (Sanyin randa daban ne: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, shi ke tafiya da zafin.)

Hanya mafi sauƙi ta cin moriyar wannan ita ce binne dogon bututu a zurfin mita biyu zuwa huɗu, ƙaramar fanka ta jawo iska ta cikinsa, ƙasa ta shanye zafin kafin iskar ta shiga ɗaki. Akwai kuma na'urar da ke zagaya ruwa a bututun, wadda kan kwashe zafi ninki uku zuwa huɗu na wutar da ta ci. Ga ajin makaranta, ɗakin haihuwa ko ɗakin ajiyar magani da ke dogaro da janareta, wannan abu ne da ya cancanci a gwada da gaske, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sassan nazarin duwatsu, injiniyanci da zanen gini da aikin ke buƙata. Dole dai a ɗan karkata bututun wajen binnewa, domin da damina raɓa kan taru a ciki, in ba ta samu mafita ba ta kawo fumfuna da wari.