Gasar Cin Kofin Ƙasashen Afirka ta 2000

Gasar cin kofin ƙasashen Afirka ta 2000 ita ce karo na 22 na babbar gasar ƙwallon ƙafa da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, take shiryawa. An buga ta daga 22 ga Janairu zuwa 13 ga Fabrairu 2000 a Ghana da Najeriya, kuma ita ce ta farko a tarihin gasar da ƙasashe biyu suka ɗauki baƙuncinta tare. Ƙasashe 16 ne suka fafata a birane huɗu, wato Accra da Kumasi a Ghana, da Legas da Kano a Najeriya. An buga wasa 32, aka zura ƙwallo 73. Kamaru ce ta ɗauki kofin bayan ta doke Najeriya da bugun fenariti 4-3 a Legas, bayan an tashi 2-2.

Yadda gasar ta koma hannun Ghana da Najeriya

Asali Zimbabwe aka bai wa gasar. A farkon 1999 hukumar CAF, ƙarƙashin shugabancin Issa Hayatou ɗan garin Garwa na arewacin Kamaru, ta karɓe ta daga hannunta bisa dalilin cewa shirye-shiryen filaye ba su kai yadda ake buƙata ba. Zimbabwe ba ta amince da wannan hukunci ba, amma bai sauya ba. Da yake saura ƙasa da shekara guda a fara wasa, sai aka nemi waɗanda suke da filaye a ƙasa. Najeriya a lokacin tana dab da karɓar gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda aka yi a watan Afrilun 1999 a birane takwas: Legas, Ibadan, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Kaduna, Bauchi da Kano. Ghana kuwa ta taɓa ɗaukar baƙuncin gasar Afirka har sau biyu, a 1963 da 1978, kuma duka biyun ita ta ci. Haɗa ƙasashen biyu shi ne mafitar da ta fi sauƙi.

Sauyin ya taɓa wasannin share fage, domin Ghana da Najeriya sun riga sun fara buga nasu kafin a ba su gurbi kai tsaye. Zimbabwe, wadda ta rasa gurbinta na mai masaukin baƙi, an haɗa ta da Senegal da Eritiriya a wani ƙaramin rukuni na cike gurbi, Senegal ta fito.

Ga Najeriya wannan gasa komawa ce bayan rashi. Ta ci kofin a Tunisiya a 1994, amma ba ta je kare shi a Afirka ta Kudu a 1996 ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta hana tawagar tafiya, a lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakaninta da gwamnatin Nelson Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995. Dalilin da gwamnati ta bayar a hukumance shi ne tsaron lafiyar 'yan wasa. CAF ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998 a Burkina Faso. Haka tawagar da mutane da yawa suke ganin babu kamarta a tarihin ƙasar, wadda ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ta yi shekara shida ba ta taka leda a gasar nahiyarta ba.

Birane da filaye

Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas shi ne cibiyar ɓangaren Najeriya. An gina shi a farkon shekarun 1970, aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa, kuma a nan ne Najeriya ta ɗauki kofin Afirka na farko a 1980 lokacin da ta ci Aljeriya 3-0. A 2000 an buga wasa tara a filin, har da dukkan wasanni shida na Najeriya.

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano shi ne mafi sabunta a cikin huɗun, domin a ƙarshen shekarun 1990 aka kammala shi, gabanin gasar matasa ta 1999. Shi ne gidan ƙungiyar Kano Pillars. Wasa bakwai aka buga a cikinsa, biyar na rukunin C, ɗaya na rukunin D, da ɗaya na zagayen daf da na kusa da na ƙarshe. Kano ce kaɗai birnin da ke nesa da gaɓar teku da kurmi a cikin masu masaukin, ga shi kuma gasar ta faɗo a tsakiyar hunturu. Mutanen Kano ba su ga tawagar ƙasarsu a filinsu ba ko sau ɗaya, amma mai riƙe da kofi, Masar, a can ta yi dukkan wasanninta huɗu.

Filin wasa na Accra, a unguwar Osu, shi aka yi bikin buɗewa a cikinsa, kuma shi ma wasa tara ya karɓa. Filin Kumasi, gidan Asante Kotoko, an buɗe shi a ƙarshen shekarun 1950. A lokacin gasar sunan birnin yake ɗauke da shi, sai daga baya, a wajen 2004, aka sa masa sunan Baba Yara, shahararren ɗan wasan gefe na Kotoko da tawagar Ghana wanda haɗarin mota ya datse wa wasa a 1963.

Tawagogi da rukunoni

Ghana da Najeriya sun shiga a matsayin masu masauki, Masar a matsayin mai riƙe da kofin 1998, sauran 13 kuma ta hanyar share fage.

Rukunin A: Ghana, Kamaru, Kwaddibuwa, Togo.
Rukunin B: Afirka ta Kudu, Aljeriya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Gabon.
Rukunin C: Masar, Senegal, Zambiya, Burkina Faso.
Rukunin D: Najeriya, Tunisiya, Maroko, Kongo.

Kowane rukuni an ba shi birni guda: A a Accra, B a Kumasi, C a Kano, D a Legas. Wasan ƙarshe ɗaya daga kowane rukuni ne kawai ake kai shi ɗaya birnin na ƙasar, don a buga wasannin ƙarshe biyu a lokaci guda. Turawa ne suka fi yawa a cikin masu horar da manyan tawagogin: Jo Bonfrere ɗan Holan a Najeriya, Pierre Lechantre a Kamaru, Gérard Gili a Masar da Henri Michel a Maroko duk 'yan Faransa, sai Giuseppe Dossena a Ghana da Francesco Scoglio a Tunisiya 'yan Italiya. Afirka ta Kudu ɗan gida ta riƙe, Trott Moloto.

Zagayen rukuni

Wasan buɗe gasa, ranar 22 ga Janairu a Accra, an tashi 1-1 tsakanin Ghana da Kamaru. Rukunin A ya ƙare da abin da ba kasafai ake gani ba, domin dukkan tawagogin huɗu sun gama da maki huɗu-huɗu. Kamaru ta ci Kwaddibuwa 3-0 amma Togo ta ci ta 1-0. Ghana ta ci Togo 2-0, sannan Kwaddibuwa ta ci ta 2-0 a gaban 'yan kallonta. Bambancin ƙwallaye ne ya fitar da Kamaru a matsayi na ɗaya, Ghana na biyu.

Abin da ya faru da 'yan wasan Kwaddibuwa bayan fitarsu ya fi wasanninsu yin amo. Da suka koma gida, gwamnatin soja ta Janar Robert Guéï, wanda ya hau mulki ta juyin mulki a Disambar 1999, ta sa aka kai su wani barikin soja a Zambakro kusa da Yamoussoukro, aka riƙe su na 'yan kwanaki. Hukumomi sun ce an yi hakan ne don kare su daga fushin magoya baya, wasu rahotanni kuma suka ce horo ne.

A rukunin B Afirka ta Kudu ta fito da maki bakwai, Aljeriya da biyar.

A Kano, Masar ta fara da cin Zambiya 2-0 ranar 23 ga Janairu, ta ci Senegal 1-0 ranar 28, sannan ranar 1 ga Fabrairu ta farke ƙwallo biyu da Burkina Faso ta fara zura mata, ta ci 4-2. Ita kaɗai ce ta ci dukkan wasanninta uku a zagayen. Senegal ta bi ta da maki huɗu, bayan ta ci Burkina Faso 3-1 ta kuma yi 2-2 da Zambiya a Legas.

Najeriya ta buɗe da cin Tunisiya 4-2 ranar 23 ga Janairu, Jay-Jay Okocha da Victor Ikpeba kowanne ya zura biyu. Wasa na biyu da Kongo an tashi babu ci, abin da bai yi wa 'yan kallon Surulere daɗi ba. Ranar 3 ga Fabrairu ta ci Maroko 2-0 ta hannun Finidi George da Julius Aghahowa. A daidai wannan lokaci Tunisiya ta ci Kongo 1-0 a Kano, ta yi kunnen doki da Maroko a maki huɗu, ta wuce. Fitar Maroko, wadda ta yi rawar gani a gasar cin kofin duniya ta 1998, tana cikin abubuwan ba-zata na gasar.

Zagayen sili-ɗaya-ƙwale

Ranar 6 ga Fabrairu aka buga wasanni biyu a filayen Ghana. Kamaru ta ci Aljeriya 2-1 a Accra, Afirka ta Kudu kuma ta fitar da Ghana 1-0 a Kumasi da ƙwallon Siyabonga Nomvethe. Washegari a Kano Tunisiya ta tuɓe wa Masar rawani da ci 1-0, fenaritin da Khaled Badra ya buga. Wannan shi ne wasan ƙarshe da aka yi a Ƙofar Mata a gasar.

A Legas a wannan rana Najeriya ta sha da ƙyar. Khalilou Fadiga ya ci wa Senegal tun cikin mintunan farko, aka yi ta bugawa ba a farke ba har saura kamar minti biyar a tashi, lokacin da Aghahowa, matashin da ya shigo daga benci, ya rama. Shi ne kuma ya ci ta biyu a farkon ƙarin lokaci. 'Yan kallo sun kwarara cikin fili don murna, aka tsayar da wasa kafin a ƙarasa. Okocha ya samu jan kati a wasan, don haka bai buga na gaba ba. Da yawa daga cikin 'yan wasan Senegal na wannan rana su ne suka kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta 2002, suka kuma doke Faransa a gasar duniya ta shekarar.

Wasannin kusa da na ƙarshe an yi su ranar 10 ga Fabrairu. A Legas, Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna da ke buga wa Ajax ta Holan, ya ci Afirka ta Kudu a minti na farko, ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2-0. Wasan yana da nauyi fiye da na ƙwallo kawai, tun da Afirka ta Kudu ce ta ɗauki kofin 1996 da Najeriya ba ta je ba, kuma an daɗe ana gardamar wa ya fi wani. Garba Lawal, shi ma ɗan Kaduna, yana cikin tawagar Najeriya. A Accra Kamaru ta lallasa Tunisiya 3-0, Patrick Mboma ya ci biyu, Samuel Eto'o ɗaya.

Afirka ta Kudu ce ta zo ta uku, bayan 2-2 da Tunisiya a Accra ranar 12 ga Fabrairu da nasarar fenariti 4-3.

Wasan ƙarshe

An buga shi ranar 13 ga Fabrairu a Surulere, alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya. Karo na uku ke nan da Najeriya da Kamaru suka haɗu a wasan ƙarshe, kuma Kamaru ce ta ci biyun farko, 3-1 a Abidjan a 1984 da 1-0 a Kasablanka a 1988.

Kamaru ta fi ƙarfi a farkon wasa. Eto'o, yana ɗan shekara 18, ya ci a minti na 26, Mboma ya ƙara a na 31. Raphael Chukwu ya rage ɗaya dab da hutu, sannan da dawowa Okocha ya narka wata daga nesa a minti na 47, aka koma 2-2. Haka aka tsaya har ƙarshen ƙarin lokaci.

A bugun fenariti, mai tsaron gidan Kamaru Alioum Boukar ya tare na Nwankwo Kanu. Na Ikpeba ya daki turken sama ya faɗo ƙasa, alƙali ya ce ba ta shiga ba. Hotunan talabijin sun nuna ƙwallon ta tsallake layi, kuma a lokacin babu na'urar duba layin raga. Shi kansa Ikpeba ya ɗora hannu a ka maimakon ya yi murna, abin da wasu suke ganin ya ƙarfafa wa alƙalin hukuncinsa. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya zubar da nasa, amma kyaftin Rigobert Song ya ci na ƙarshe. Okocha da Godwin Okpara da kyaftin Sunday Oliseh ne suka ci wa Najeriya nasu.

Kyaututtuka

Shaun Bartlett na Afirka ta Kudu ne ya fi zura ƙwallo, guda biyar. Lauren Etame Mayer na Kamaru aka zaɓa gwarzon gasar.

Bayan gasa

Da wannan nasara ta uku Kamaru ta mallaki kofin dindindin, kamar yadda Ghana ta mallaki na farko a 1978, aka ƙera sabo don gasar 2002 a Mali, wanda shi ma Kamaru ce ta fara ɗauka. Tsakanin gasannin biyu ta ci zinare a Olamfik na Sydney a 2000, da Mboma da Eto'o da Lauren a cikin tawagar. Najeriya ba ta sake kai wa wasan ƙarshe ba sai 2013, lokacin da ta ɗauki kofin a Afirka ta Kudu.

A filin Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, mutum 126 suka mutu a turmutsitsi a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. An sabunta filin da na Kumasi kafin gasar 2008 da Ghana ta ɗauki baƙunci ita kaɗai. Filin Surulere ya koma baya bayan buɗe babban filin Abuja a 2003, na Kano kuma ya sake karɓar wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ba a sake haɗa ƙasashe biyu a ɗaukar baƙuncin gasar Afirka ba sai 2012, a Gabon da Ikwatoriyal Gini.