Raba Fasaha da Halin Mai Ita

Raba fasaha da halin mai ita mas'ala ce a nazarin adabi da falsafar ɗa'a, wadda ke binciken ko ya dace a auna waƙa, zane, fim ko littafi da ingancinsa kaɗai, ba tare da duban munanan ayyukan wanda ya samar da shi ba. Wasu manazarta na ganin cewa da zarar aiki ya bar hannun mai shi ya zama na jama'a, wasu kuma na cewa hali zanen dutse ne, dole ya bar sawu a duk abin da mutum ya ƙirƙira.

A Turai da Amurka akan jingina muhawarar ga maƙalar manazartan Amurka Wimsatt da Beardsley ta 1946, wadda ta ce niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin aikinsa ba, da kuma ta Roland Barthes na Faransa a 1967 a kan "mutuwar marubuci", ko da yake ma'anar rubutu suka tattauna, ba laifin marubuci ba. Masanan adabin Larabci sun riga su da ƙarnuka. Ƙudama ibn Ja'afar, a ƙarni na 10, ya rubuta cewa batsar ma'ana ba ta rage ingancin waƙa, kamar yadda munin katako ba ya aibata gwanintar kafinta. Alƙali Jurjani, da yake kare mawaƙi Mutanabbi daga masu sukarsa, ya bayyana cewa addini daban, waƙa daban, domin da raunin aƙida yana sauke mawaƙi daga matsayinsa, da an shafe sunan Abu Nuwas, mawaƙin da ya shahara da waƙoƙin giya, daga diwanai, wato kundayen waƙoƙi.

Wannan fahimta tana raye a zaurukan birnin Zariya, musamman unguwannin malamai irin su Juma da Kona, inda aka daɗe ana karantar da lugga da nahawu. Ɗalibi yakan zauna gaban malam da littafin Shu'ara, tarin waƙoƙin Larabawan jahiliyya, a buɗe, yana jan baiti, malam yana fassara masa kalma bayan kalma, har su iso inda mawaƙi Imru'ul Ƙaisi yake alfahari da shiga wurin matan mutane cikin dare. Malam ba ya tsallake baitin, ba ya kuma yaba aikin; yakan fitar da luggar da i'irabin, ya nemi tsari, su wuce gaba. Amma malamin nan ba zai karɓi hadisi daga wanda aka sani da ƙarya ko fasiƙanci ba, saboda maganar Ibn Sirin da ke muƙaddimar Sahihu Muslim cewa ilimin nan addini ne, a duba daga wa ake ɗaukarsa. Hikimar wannan bambanci a fili take: ana tambayar halin mutum gwargwadon abin da ake karɓa daga gare shi, kuma fasahar harshe ba ta buƙatar amanar da ruwaya take buƙata.

Misalan da aka fi kawowa ba iri ɗaya ba ne. Caravaggio, mai zanen Italiya, ya kashe mutum a birnin Rum a 1606 ya gudu, kuma zane-zanensa suna rataye a majami'u har yau. Richard Wagner, gwanin kiɗan Jamus, ya wallafa rubutun ƙin jinin Yahudawa a 1850, daga baya gwamnatin Hitler ta rungumi kiɗansa, shi ya sa a Isra'ila ake ƙaurace masa duk da cewa babu dokar da ta hana. Lokacin da jagoran makaɗa Daniel Barenboim ya kaɗa wani yanki na aikin Wagner a Ƙudus a 2001, wasu masu sauraro sun fice daga zauren. Chinua Achebe kuwa, a laccarsa ta 1975 a Amurka, ya zargi marubuci Joseph Conrad da wariyar launin fata a cikin labarinsa na Kwango, inda aka siffanta Baƙar fata kamar marasa harshe. A irin wannan hali rabuwar ba ta yiwuwa, tunda aibin yana cikin aikin kansa.

Mas'alar ta fi tsauri idan mai fasahar yana raye. Kotu a New York ta kama mawaƙi R. Kelly da laifukan lalata da mata da ƙananan yara a 2021, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 a 2022. Imru'ul Ƙaisi ba ya samun ko sisi daga karatun zaure, amma sauraron waƙa a intanet yana iya zama kuɗi da ɗaukaka ga mai laifi, alhali waɗanda ya cutar suna nan suna ji ana yabonsa, kuma wannan nauyi ne da bai kamata mai sauraro ya raina ba.

A ƙasar Hausa jama'a sun fi karkata ga haɗa ɗan wasa da halinsa, musamman da yake masu fim suna kiran sana'arsu faɗakarwa da gyaran tarbiyya. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙungiyoyin masu shirya fim sun sha dakatar da 'yan wasa saboda abin da suka aikata a wajen fim, ko da babu wani abin zargi a finafinan da suka fito.