Bakin Tekun Tsibiran Seychelles

Seychelles ƙasa ce mai tsibirai 115 a yammacin Tekun Indiya, kimanin kilomita 1,500 daga gaɓar gabashin Afirka. Babban birninta Victoria yana kan tsibirin Mahé, kuma ta samu 'yancin kai daga Birtaniya ranar 29 ga Yuni, 1976. Ita ce ƙasa mafi ƙarancin jama'a a Afirka, amma sunanta ya zagaya duniya saboda bakin tekunta: farin rairayi, ruwa garau wanda mutum kan tsaya a ciki har ƙirji yana ganin yatsun ƙafarsa, da manyan duwatsu da suka zauna a gaɓa. Yawancin wuraren sunansu na farawa da kalmar "Anse", wadda a Faransanci take nufin ɗan lungun teku.

Dalilin hasken ruwan

Tsibiran da ake kira na ciki, wato Mahé da Praslin da La Digue da na kusa da su, ba aman wuta ne ya samar da su ba, kamar yadda aka saba gani a tsibiran tsakiyar teku. Dutsen giranit ne zalla, dangin wanda ake gani a Kufena ta Zariya, kuma shekarunsa sun kai kusan miliyan 750. Ɓangare ne na tsohuwar nahiyar Gondwana da ya rage a nan lokacin da Indiya ta ɓalle ta nufi arewa. Ruwan sama da iska da igiyar teku ne suka yi ta goge duwatsun har suka yi sumul, wasu da tsage-tsage kamar an yi musu zane.

Ƙasar ba ta da manyan koguna masu kwaso laka da jar ƙasa su zuba a teku, sai ƙananan ƙoramu masu gangarowa daga duwatsu. Shi ya sa ruwan ba ya gurɓacewa. Rairayin kuwa akasarinsa garin murjani ne, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, da na ɓawon halittun ruwa, wani ma kifaye ne masu gurgurar murjani suke fitar da shi. Idan rana ta haska wannan farin ƙasan a inda ruwa ba shi da zurfi, sai launin ya fito tsakanin shuɗi da kore. A wurare da dama akwai shingen murjani a can gaba da ke karya ƙarfin igiya, ya bar ruwan gaɓa a kwance kamar na tafki.

La Digue

Anse Source d'Argent shi ne wurin da aka fi ɗaukar hotonsa a duk ƙasar. Yana kudu maso yammacin La Digue, kuma ana isa gare shi ne ta cikin L'Union Estate, tsohuwar gonar kwakwa da banila, inda ake biyan kuɗin shiga. Wurin ƙananan lunguna ne da duwatsu suka raba, mutum ya bi siririyar hanya ƙarƙashin itatuwa yana fita daga wannan ya faɗa wancan. Ruwan ba shi da zurfi, har idan teku ta janye ma ba a iya iyo sosai, sai dai tafiya a ciki. Don haka ya dace da yara da wanda bai iya ruwa ba. Da la'asar sakaliya duwatsun kan yi ja-ja, kuma a lokacin ne wurin ya fi kyau, bayan masu yawon yini sun koma jirginsu.

A ɗaya gefen tsibirin akwai Grand Anse da Petite Anse da Anse Cocos, waɗanda babu shingen murjani a gabansu. Kyansu bai gaza na Source d'Argent ba, amma ruwansu na da jan mutum zuwa ciki, musamman daga Mayu zuwa Satumba, kuma an sha rasa rayuka a irin waɗannan wurare. Allunan gargaɗi da ake kafawa a can ba na ado ba ne. La Digue ƙaramin tsibiri ne da keke ya fi mota yawa a cikinsa, kuma tafiyar kusan minti 15 ce a jirgin ruwa daga Praslin.

Praslin da Mahé

Ga mai son iyo na gaske, Anse Lazio da ke arewa maso yammacin Praslin ya fi. Ruwansa na yin zurfi da wuri, ƙasansa rairayi ne ba tsakuwa, kuma itatuwan takamaka sun yi masa inuwa daga baya. A bakin duwatsun da suka rufe shi hagu da dama ake sanya tabarau na ruwa a kalli kifaye. Anse Georgette yana kusa, sai dai hanyarsa ta bi ta cikin harabar wani otal, don haka akan nemi izini tukuna, ko a zo ta ruwa. Wanda ya zo Praslin kuma yakan leƙa dajin Vallée de Mai, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 1983. A nan ne giginyar coco de mer take, mai iri mafi girma a cikin dukkan tsirrai.

A Mahé, Beau Vallon ne wurin jama'a. Nan 'yan ƙasa ke fitowa da iyalansu ranar Lahadi, masunta na jawo taru, ana gasa kifi a gefe. Anse Intendance da ke kudu akasinsa ne: shiru, manyan igiyoyi, kuma kunkurun teku na hawowa su yi ƙwai a rairayinsa. Daura da Victoria akwai gandun ruwa na Sainte Anne, wanda aka kafa a 1973, inda ake kallon murjani ta jirage masu ƙasan gilashi.

Lokacin zuwa

Iska biyu ce ke juya yanayin. Ta arewa maso yamma na kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Maris, da zafi da ruwan sama mai yawa, musamman a Janairu. Ta kudu maso gabas na zuwa daga Mayu zuwa Satumba, da sanyi-sanyi, amma tana tayar da teku tana kuma tara ciyawar ruwa a wasu gaɓoɓin Praslin. Tsakanin biyun, wato Afrilu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, iska kan lafa, ruwa ya kwanta ya yi haske fiye da kowane lokaci. Wurin da yake lafiya lau a Fabrairu yana iya zama mai haɗari a Yuli, saboda haka tambayar mutanen gari kafin a shiga ruwa wajibi ce.

Murjani da kiyaye shi

Duk wannan kyau a kan murjani ya dogara, kuma murjanin ya sha wahala. A 1998 zafin teku ya ƙaru sakamakon yanayin El Niño, wato ɗumamar ruwan Tekun Fasifik da ke shafar yanayin duniya, murjanin tsibiran ciki ya yi fari, kusan kashi 90 cikin ɗari ya mutu. Yana cikin farfaɗowa aka sake samun irin haka a 2016. Inda shingen ya lalace, igiya kan iso gaɓa da ƙarfinta ta yi ta cin rairayi. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar The Nature Conservancy inda aka sauya tsarin biyan wani kaso na bashin ƙasar, kimanin dala miliyan 21, a madadin alƙawarin kare teku. A Maris 2020 aka ayyana kashi 30 cikin ɗari na ruwan ƙasar, kimanin murabba'in kilomita 410,000, a matsayin yankin kariya. A kusa da Praslin kuma ana renon ƙananan murjani a kan igiyoyi a cikin ruwa, idan sun yi ƙwari a dasa su a inda na da suka mutu.