Tasirin shan barasa kaɗan-kaɗan ga lafiya

Matsakaicin shan barasa shi ne wanda bai wuce iyakar da hukumomin lafiya suka gindaya ba, kuma kowace ƙasa da nata ma'auni. A Amurka awo ɗaya giram 14 ne na itanol, sinadarin da ke bugarwa a cikin barasa, kwatankwacin gwangwanin giya guda, kuma har zuwa 2025 an daɗe ana shawartar maza kada su wuce awo 2 a rana, mata awo 1. A Birtaniya awo ɗaya giram 8 ne, tun 2016 kuma iyakar kowa awo 14 ne a mako.

An shafe shekaru ana ganin ɗan kurɓawa yana kare zuciya. Bincike da dama sun nuna masu sha kaɗan ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar waɗanda ba sa taɓawa, har a farkon shekarun 1990 aka riƙa buga misali da Faransawa da jar giyarsu ta inabi. Gaskiya ne barasa tana ɗan ƙara kitsen jini mai amfani da ake kira HDL. Sai dai lissafin yana da lauje cikin naɗi: a rukunin marasa sha akwai mutane da yawa da rashin lafiya ce ta sa suka daina, sai masu sha suka fito kamar sun fi su ƙoshin lafiya. Da aka ware su, amfanin ya ragu ƙwarai. Wani bincike na 2019 a kan mutane kusan 500,000 a ƙasar Sin, wanda ya dogara da bambancin ƙwayoyin gado, ya nuna hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne daidai gwargwadon sha.

Batun ciwon daji kuwa babu jayayya sosai a kansa. Tun 1988 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi. Hanta tana mayar da itanol zuwa asitaldihaid, gubar da ke lalata ƙwayoyin gado. An danganta barasa da dajin baki, maƙogwaro, hanta, hanji da mama. Na mama, ko awo ɗaya a rana yana ɗan ƙara haɗarinsa. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a kira marar illa. Mai juna biyu, da mai tuƙi, da mai ciwon hanta, ana shawartarsu su ƙaurace mata gaba ɗaya.